Mene Ne "Kweri" a Wurin Aiki, Kuma Yaya Ake Amsa Ta?

Duk wanda ya ɗan daɗe a ofis, na gwamnati ko na kamfani, ya taɓa jin an ce "an ba wane kweri", kuma galibi da murya ƙasa-ƙasa ake faɗa, kamar ana sanar da rasuwa. Kalmar aro ce daga Turanci. Jaridu da gidajen rediyo kan kira ta takardar tuhuma ko takardar neman ba'asi. Shugaba ne ke rubuto wa na ƙasa da shi cewa an ga ya aikata abu kaza ranar kaza, don haka ya kawo bayani a rubuce cikin wa'adin da aka ɗiba masa, ya faɗi dalilin da zai sa kada a ladabtar da shi. Wato tambaya ce ake yi wa ma'aikaci. Ba a kai ga hukunci ba tukuna, kuma idan amsar ta gamsar, a nan maganar za ta mutu.

A aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, tushen abin yana cikin kundin Dokokin Aikin Gwamnati, wanda aka ƙaddamar da sabon bugunsa a 2023 lokacin da Folasade Yemi-Esan ke shugabancin ma'aikatan tarayya. Jihohi ma suna da nasu kundin, kuma bambancin ba shi da yawa. An kasa laifuffuka gida biyu. Akwai rashin ɗa'a na yau da kullum: yawan makara, barci a bakin aiki, shigar da ba ta dace ba, ƙin bin halastaccen umarnin na gaba, danne takarda da gangan a ƙi aiki a kanta, ciwon ƙarya don gudun aiki, wulaƙanta jama'ar da suka zo neman biyan bukata, har da talla a harabar ofis. Wannan na ƙarshen da za a bi shi sau da ƙafa, da masu zagaya ofis-ofis da atamfa da turaren wuta a ƙarshen wata sun shiga uku. Sai kuma manyan laifuffuka da ke iya kai mutum ga kora: sauya bayanan takardun hukuma, ɓoye fayil, cin hanci, wawurar kuɗi, fallasa sirrin gwamnati, shiga siyasar jam'iyya, da ƙauracewa aiki ba tare da izini ba. Sababbin ma'aikata da yawa ba su san cewa wannan na ƙarshen yana cikin manya ba. Mutum ya tafi biki ko ta'aziyya garinsu, ya yi mako guda bai rubuta ko layi ɗaya ba, yana ganin ai oga ya sani. Sanin baki ba ya shiga fayil.

Kweri da aka rubuta bisa ƙa'ida tana faɗin laifin ɓaro-ɓaro, da lokacin da aka yi shi, da dokar da aka karya, da irin hukuncin da zai iya biyo baya. Wa'adin amsa kan kasance awa 24 ko 48 ko 72. Idan laifin babba ne da zai iya jawo kora, ma'aikaci yana da haƙƙin ganin takardun da aka kafa hujja da su a kansa. Kuma wanda ya ba ka kweri ba lallai shi ne mai ikon korarka ba. A tarayya, ma'aikatu na iya sallamar ƙananan ma'aikata 'yan mataki na 6 zuwa ƙasa, amma korar wanda ya wuce nan sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya. Kafin a kai can ana iya dakatar da mutum, wani lokaci da rabin albashi, wani lokaci babu ko sisi, gwargwadon nauyin zargin.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan takarda da ake tsoro ita ce garkuwar ma'aikaci. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, kuma kotuna sun daɗe suna riƙe da wannan ƙa'ida tun ma kafin 1999. A shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985, Kotun Ƙoli ta mayar da wasu farfesoshi bakin aikinsu saboda ba a bi matakan da dokar jami'ar ta shimfiɗa ba wajen raba su da aikin. Shekara guda bayan haka, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar wasu ɗalibai da aka yi bayan tarzomar 1983, kuma cikin dalilan har da cewa shugaban kwamitin binciken shi ne mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi ma tarzomar ta shafa. Ba ka zama mai ƙara kuma alƙali. Yau rigingimun aiki suna zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, kuma cikin abubuwan farko da lauya zai tambaye ka akwai: an ba ka kweri? Me ka rubuta? Ina kwafin? A kamfanoni masu zaman kansu kariyar ba ta kai ta gwamnati ƙarfi ba, takardar ɗaukar aiki da kundin dokokin kamfanin su ne abin dubawa, amma can ma abin da ke rubuce shi ke magana.

To, yaya ake amsawa? A ɗauki misalin akawun da aka tuhuma da makara kwana uku a jere. Da farko ya karɓi takardar, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata da lokacin da ta zo hannunsa, domin daga nan wa'adi ya fara ƙirga. Ƙin karɓa ba ya soke ta, wani laifin ne sabo. Da Turanci ake rubuta amsar a yawancin ofisoshi, a bi da ita ta hannun shugaban sashe zuwa ga wanda ya aiko, a ambaci lambar takardar da ranarta a layin farko. Sannan ya tafi kai-tsaye: gaskiya ne na makara ranar Litinin da Talata, saboda na kwana a asibiti da ɗana, ga katin asibitin na haɗa; ranar Laraba kuwa na iso kan lokaci, rajistar shigowa za ta nuna haka; na yi kuskure da ban sanar da shugabana ba, ina neman afuwa, kuma hakan ba zai sake faruwa ba. Shi ke nan, shafi ɗaya ya wadatar. Ya amsa abin da ya yi, ya musanta abin da bai yi ba tare da hujja, bai zagi kowa ba. Sai ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa a kan ɗaya ya tafi da ita gida.

Inda ake yin asara wuri uku ne. Wani zuciya ce ke ɗibarsa, ya cika shafi huɗu da tarihin yadda oga ya tsane shi tun ranar da aka kawo shi sashen, da sunayen sauran masu makara da ba a taɓa ba. Ko da duk gaskiya ne, ya ba da hujjar rashin ladabi da hannunsa, kuma bai amsa tambayar ba. Wani kuma tsoro ne ke sa shi amsa laifin da bai yi ba, yana ganin "a yi haƙuri, na tuba" zai kashe wutar da wuri. Wannan layin zai zauna a fayil ɗinsa bayan ogan ya yi ritaya. Na ukun shi ya fi yawa a wajenmu: kamun ƙafa. Maimakon ya zauna ya rubuta, sai ya garzaya wurin wani dattijo ko limamin unguwa a je a ba oga haƙuri. Oga ya ce, "Ba komai, Malam, ya wuce." A baki ya wuce, amma a fayil akwai tuhuma babu amsa, kuma shiru a tsarin ofis ana ɗaukarsa a matsayin ba ka da abin cewa. Ban ce kada a nemi sulhu ba, yana da amfaninsa, amma a fara miƙa amsa kafin a tura manya.

Su ma shugabanni akwai nasu. Wasu sun mayar da kweri bulala, abin da za a kira yaro a yi masa faɗa na minti biyu sai a ce sakatare ya buga takarda. Ofishin da kowa ke da kweri biyar a fayil, matsalar ta fi ƙarfin ma'aikatan, kuma ranar da aka yi babban laifi takardar ba ta da sauran kwarjini.

Masu shirin fara aiki su fi kowa kula. Sabon ma'aikacin tarayya yana shekara biyu a matsayin gwaji kafin a tabbatar da shi, kuma abin da ke fayil ake dubawa. 'Yan bautar ƙasa ma ana ba su kweri idan sun ƙaurace wa wurin aikinsu, har ta kan kai ga ƙara musu wa'adin hidima. Ga wanda ya riga ya yi nisa kuwa, tuhumar da ba a rufe ba tana iya tsayar da ƙarin girma. Saboda haka idan an karɓi bayaninka aka ce an wanke ka, ka nemi a ba ka hakan a rubuce, ka kuma bi sawu a rajista, wato ofishin ajiye fayiloli, har ka tabbatar an saka kwafinsa a fayil ɗinka.