Auna cunkoson ababen hawa da jinkirin tafiya a kan titi

Auna cunkoso reshe ne na injiniyancin hanyoyi da ke mayar da abin da jama'a ke kira gosulo zuwa alƙaluma: ababen hawa nawa ke bi ta wani wuri a cikin awa ɗaya, da wane irin gudu, kuma minti nawa matafiyi ke ɓatawa fiye da yadda zai yi in titi ya yi fayau. Da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar faɗaɗa titi, ko kafa danja, ko gina gadar sama, ko kuwa tayar da masu kasa kaya daga bakin kwalta. Ƙirge kaɗai ba ya wadatarwa. Motoci 300 a awa ɗaya suna iya nufin titin da ba kowa, suna kuma iya nufin titin da ya cushe har motsi ya gagara. Shi ya sa ake haɗa ƙirge da awon lokaci.

Tarihi

Ƙirga keken doki da amalanke a bakin hanya ya girmi mota, amma yawanci ana danganta mafarin wannan ilimi ne ga Bruce Greenshields, wani injiniya a Amurka. A farkon shekarun 1930 ya riƙa girke kyamara a gefen titi tana ɗaukar hoto a kan tazarar lokaci guda, ya riƙa lissafa gudun kowace mota daga nisan da ta matsa tsakanin hoto da hoto. A 1935 ya bayyana cewa gudu na raguwa daidai gwargwadon yadda motoci ke matsuwa a kan titi. Bayanan da ya dogara da su kaɗan ne ƙwarai, kusan duka daga lokacin da hanya take a sake, kuma masana na baya sun nuna haka. Duk da wannan, har yau da zanen da ya yi na dangantakar gudu da matsuwa ake fara koyar da ɗalibai.

A 1950 aka buga kundin Amurka na ƙa'idojin yawan motocin da hanya ke iya ɗauka karo na farko. Bugun 1965 ne ya shigo da matakan ingancin tafiya shida, daga A zuwa F, waɗanda injiniyoyi a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, suke aro. A Ingila kuwa, Wardrop da Charlesworth sun fito da dabarar aunawa daga cikin mota mai tafiya a 1954. Lighthill da Whitham a 1955, da Richards a 1956, sun nuna ta lissafi cewa cunkoso yana yaɗuwa da baya-baya: motoci na tafiya gaba, wutsiyar layi na komawa baya. Webster ya biyo a 1958 da lissafin jinkiri a bakin danja, wanda har gobe ake amfani da shi wajen raba sakan-sakan na kore da ja.

Na'urorin ƙirge sun zo a hankali. Tiyon roba da ake shimfiɗawa a ƙetaren titi ya bazu wajen shekarun 1930, sai waya mai jin ƙarfe da ake binnewa cikin kwalta, wajen farkon shekarun 1960. A yau wayoyin salula na matafiya su ne ke ba manhajoji irin su Google Maps labarin gudun hanya.

Ma'aunai

Uku ne ginshiƙai: yawan abin da ke wucewa a awa, gudu, da matsi, wato ababen hawa nawa ke kan kilomita ɗaya a lokaci guda. In aka ninka matsi da gudu, a sami yawan masu wucewa. Motoci 40 a kilomita suna tafiyar kilomita 30 a awa, to 1,200 ke wucewa a awa.

Da yake babur da tirela ba ɗaya ba ne, ana mayar da komai zuwa ma'aunin ƙaramar mota. Ƙaramar mota 1 ce, babur yawanci tsakanin 0.3 da 0.5, babbar mota 2 zuwa 3 ko fiye. Layi ɗaya mai kyau a bakin danja yana sakin kimanin motoci 1,800 zuwa 1,900 a awa ɗaya ta koren haske, wato mota guda kusan kowane sakan biyu. In masu zuwa suka fi abin da wurin ke iya saki, rarar ita ce layi. A ce 1,000 ke zuwa a awa, wurin na sakin 800. Cikin awa ɗaya motoci 200 sun taru, kuma in kowace ta ci mita shida, layin ya kai mita 1,200.

Yadda ake ƙirgawa

Ƙirgen hannu shi ne mafi araha, kuma a titin da babura suka yi yawa ya fi tiyo aminci. Ana raba takarda gida-gida: babur, keke napep, ƙaramar mota, bas, tifa, tirela da tanka, sai gidan amalanke da dabbobi. Mai ƙirge yana ja kara huɗu, na biyar ya gitta su. Kowane minti 15 a ja layi a buɗe sabon gida. A mararraba ko shataletale kowace kafa na buƙatar mutum nata, a rubuta masu miƙewa da masu karya dama da masu karya hagu daban-daban. Inda babura suka yi yawa, gara a ware musu mutum guda, domin ido ɗaya ba ya iya riƙe su tare da motoci. Bayan awa biyu zuwa uku hankali na gajiya, sai a canza ma'aikaci.

Dalilin yanka lokaci minti 15-15 shi ne a gane ko cunkoson na zuwa ne a dunƙule. A ce an ƙirga 1,200 a awa mafi cika, kuma minti 15 mafi cika a cikinta suka kawo 400. A ninka 400 sau huɗu, 1,600, a raba 1,200 da shi, a sami 0.75. Duk sa'ad da wannan adadi ya yi nisa da 1, matsalar ta ɗan lokaci ce, irin ta tashin makaranta, kuma sau da yawa mai ba da hannu ya ishe ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a daidai maƙurar, wato inda hanya ta matse layi ya faro, a yi ƙirge. A nan ana ganin abin da wurin ya iya saki ne kawai, ba abin da ke son wucewa ba. Dole a sa wani a wutsiyar layi yana rubuta inda ta kai. Tiyo kuma gatari yake ƙirgawa, ba mota ba: tirela mai gatari shida sai ta fito a matsayin motoci uku, babura biyu da suka taka tare su fito a matsayin ɗaya. Zafin rana na sassauta tiyon, ƙusoshin da suka riƙe shi su tsinke daga kwalta mai laushi.

Auna jinkiri

Hanya mafi sauƙi ita ce mota mai bin ayari. Direba ya yi tafiya irin ta kowa, ya wuce motoci daidai yawan waɗanda suka wuce shi. Na kusa da shi yana rubuta lokaci a wuraren da aka zaɓa tun farko, da tsawon kowace tsayawa da dalilinta. Ana so a yi aƙalla sawu shida kowane ɓangare. Sai a sake bin hanyar lokacin da ba kowa, kamar bayan sallar asuba. In tafiyar minti 10 ta koma 18, jinkiri minti 8 ne, ma'aunin lokacin tafiya kuma, wato 18 a raba da 10, ya zama 1.8.

A mararraba akwai wata dabara. Kowane sakan 15 a ƙirga motocin da ke tsaye cik. A ce jimlar ƙirgen minti 15 ta kai 480. A ninka da 15, a sami 7,200, a raba da yawan motocin da suka wuce, a ce 200: kowace mota ta tsaya sakan 36. Jinkirin gaskiya ya ɗan fi haka, domin ba a sa lokacin rage gudu da na tashi ba. Kada tazarar ƙirgen ta raba zagayen danjar daidai, in ba haka ba kullum a gaɓa ɗaya za a riƙa dubawa. In zagayen sakan 60 ne, sakan 13 ya fi. A ƙa'idar Amurka, jinkirin sakan 10 ko ƙasa a danja mataki A ne, 35 zuwa 55 mataki D, abin da ya haura 80 kuma F.

Matsakaicin lokaci ba ya nuna ranar da aka fi shan wahala, don haka ake kuma duba tafiya mafi muni cikin kowace 20.

A Sakkwato

Littattafan ƙasashen waje suna cewa a yi ƙirge Talata zuwa Alhamis. Wannan ya dace, amma a Sakkwato Juma'a na buƙatar ƙirgenta daban, domin sahu kan fito har kan titi a kewayen manyan masallatai kamar na Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, zirga-zirga ta karkata zuwa lunguna. Azumi na sauya komai: titi ya yi sanyi da rana, ya cika gab da buɗa-baki. Kwanakin da ke gaban Sallar Layya, motocin raguna na cika hanyar Kara. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, mutane da yawa na jinkirta fita sai bayan la'asar, mai ƙirge kuma ba ya jure tsayuwa ba inuwa. Hazon hunturu na dusashe hoton kyamara.

Tsarin ababen hawan ma daban ne. 'Yan kabu-kabu da masu keke napep ba sa bin layi, suna kutsawa ta kowane saƙo su taru a gaba, shi ya sa lissafin da aka gina kan layi-layi ke kuskure. A kewayen Babbar Kasuwa, abin da ke cin faɗin titi sau da yawa lodi da sauke fasinja ne da ajiye mota, don haka ana auna faɗin da ya rage wa masu tafiya da tef, ba faɗin kwalta ba. Manyan motocin siminti daga Kalambaina, da na albasa, da masu bin hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, ana ware musu gida a takarda. Gadojin sama irin na Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorowa ba a iya sanin tasirinsu sai an kwatanta awon da aka yi kafin gini da na bayansa, a rana iri ɗaya da lokaci ɗaya.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan adadin da ya dace da babur da keke napep a ma'aunin ƙaramar mota. Wasu kuma na ganin faɗaɗa titi yana jawo ƙarin motoci har cunkoson ya dawo, wasu na cewa ya danganta da girman gari da yawan hanyoyin ratse.