Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Koya wa Kompaila Aiki da Waya da Agogon Hannu

Duk manhajar da ke cikin wayarka da wani yaren shirye-shirye aka rubuta ta, C ne ko Swift ko Rust ko Go. Ita kuwa waya ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Umarnin furosesa kaɗai take ganewa, kuma kompaila ita ce manhajar da ke juya rubutun mai shirye-shirye ya koma wannan umarnin. Galibin yarukan nan a kan kwamfutar tebur aka raine su, saboda haka sai an yi aiki na musamman kafin su shiga waya, balle agogon hannu.

Me ake nufi idan aka ce an kai kompaila kan waya?

Abu biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko, kompailar tana zaune a kwamfutarka, amma abin da take fitarwa na waya ne. Ka rubuta, ka haɗa a laptop, sannan ka tura wa wayar ta kebul. Kusan duk manhajojin da ke Play Store da App Store haka aka yi su. Na biyu shi ne kompailar da kanta ta koma cikin wayar, ka rubuta a nan, ka haɗa a nan. Wannan ya fi wuya, domin sai an gama na farkon kafin a yi shi: dole kompailar ta iya fitar da umarnin waya kafin ta haɗa kanta da kanta ta zama manhajar waya. A agogo dai na farkon ake nufi.

Ai waya ƙaramar kwamfuta ce. Me ya hana abin da aka haɗa wa laptop ya yi aiki a kanta?

Furosesar ba ɗaya ba ce. Yawancin laptop na amfani da tsarin x86 na Intel da AMD, wayoyi kuwa kusan dukkansu ARM ne, tsarin da kamfanin Acorn ya fara ƙerawa a Kambirij ta Ingila a 1985. Umarnin wannan ba ya tafiya a kan wancan.

Ko furosesar ta zo ɗaya ma ba a tsira ba. Android tana tsara fayil ɗin manhaja da sigar ELF, Apple kuma da Mach-O. Sannan duk da cewa zuciyar Android Linux ce, laburaren C ɗinta, wato tarin shiryayyun ayyukan da manhajoji ke dogara da su, daban yake, Bionic ake kiransa, ba glibc da aka saba da shi a sauran Linux ba. Shi ya sa shirin da aka haɗa wa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wanda shi ma ARM ne kuma Linux ne, galibi in ka kwafa shi cikin waya ba zai ko tashi ba.

Ke nan sai an sake rubuta kompailar daga tushe?

A'a. Kompailar zamani kashi uku ce: gaba mai karanta yaren, tsakiya mai gyara shirin ya yi sauri, da baya mai fitar da umarnin furosesa. Bayan ne kawai ya damu da ko x86 ne ko ARM. A shekarar 2000 Chris Lattner da Vikram Adve suka fara aikin LLVM a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, wanda ya zama tsakiya da baya na aro ga duk yaren da ke so. Apple ta ɗauki Lattner aiki a 2005, ta zuba kuɗi da ma'aikata a aikin, har ARM ya samu gata sosai a cikinsa. Clang (kompailar C), Swift, Rust, Kotlin/Native da LDC ta yaren D duk a kansa suke. Ga irin waɗannan, kana gaya wa kompailar inda za ta nufa da wani ɗan suna, kamar aarch64-linux-android ko arm64-apple-ios, sai umarnin ARM ya fito.

Go ba ta bi wannan hanyar ba, tana da nata bayan. Sai da masu ita suka rubuta komai da hannunsu: Android ta shigo a Go 1.4 a Disambar 2014, ARM mai bit 64 da iOS kuma a Go 1.5 a Agustan 2015.

To idan LLVM ya riga ya iya ARM, ina wahalar take?

Nan ne watanni ke tafiya. Fitar da umarnin ARM shi ne mafi sauƙin aikin. Kompailar da ta tsaya nan kamar tafinta ce da ya ƙware a yaren gari amma bai san al'adar fadarsu ba: bai san wa ke fara magana ba, bai san inda ake zama ba. Kowane tsarin waya yana da ƙa'idojinsa na yadda wani ɓangaren shiri zai miƙa wa wani bayanai, wace rajistar furosesa (ɗan gurbin ajiya a cikin furosesar) za a saka mene, wacce ce ba a taɓawa. ABI ake ce wa waɗannan ƙa'idojin, kuma Apple da Android sun saɓa a kansu duk da furosesarsu iri ɗaya ce.

Ga misali na kusa. Aikin printf na yaren C yana karɓar bayanai ko nawa ka ba shi. A ƙa'idar ARM ta gama-gari, wadda Android ke bi, na farko-farkon a rajista ake saka su. Apple ta ce a'a, irin waɗannan a jere su a ma'adana. Idan kompailarka ta bi ƙa'idar gama-gari a kan iPhone, shirin zai haɗu lafiya lau, ba gargaɗi ba komai, ka ce ya buga 7 ya bugo maka wata doguwar lamba marar kan gado, ko ya faɗi gaba ɗaya. Akwai ƙananan irinsu da yawa. Nau'in char, wanda C ke ajiye harafi da shi, a Android ta ARM ba ya ɗaukar lambar ƙasa da sifili, a na Apple yana ɗauka. Nau'in long double, na ajiye lamba mai ɗigo, bit 128 ne a Android mai bit 64, a iPhone kuwa 64 ne. Rajista ta x18 kuma tsarin ya riƙe wa kansa, kompailar da ta ɗauke ta ta yi amfani da ita ta jawo wa kanta faɗuwar da ba a gane dalilinta.

Sai kuma kayan da yaren ke tafe da su a bayan fage: mai kwashe sharar ma'adana, mai kula da zaren aiki (sassan shiri da ke gudana a lokaci guda), mai kama kurakurai. Yaren D ya ɗanɗana wannan. A D, duk wani bayani na gama-gari kowane zaren aiki da nasa kwafin sai in ka ce ba haka ba, saboda haka ko ƙaramin shiri yana bukatar tsarin ya iya keɓe wa kowane zare ma'adanarsa. Bionic kuwa bai goyi bayan hanyar da sauran Linux ke yin hakan ba sai a Android 10. Kafin nan sai dai a kwaikwayi abin da dabara, sannan a koya wa mai kwashe shara inda zai leƙa ya ga waɗannan bayanan, in ba haka ba ya share abin da ake cikin amfani da shi. Irin wannan kuskuren ba ya fitowa nan take. Shirin zai yi minti goma yana aiki sumul, sannan ya mutu a wani wuri da ba ruwansa da matsalar.

A ganina duk wanda ya ce ya kai yare kan waya don ya ga gaisuwar gwaji, wato ɗan shirin farko mai buga gaisuwa, ta fito a allo, bai kai ko rubu'in hanya ba.

Me ya sa ake cewa iPhone ta fi Android tsauri a wannan fannin?

Saboda dokar Apple ce, ba gazawar na'ura ba. Wasu yaruka suna haɗa umarnin furosesa ne a daidai lokacin da shirin ke gudana, abin da ake kira JIT. Wannan na bukatar manhaja ta rubuta umarni a ma'adana sannan ta gudanar da shi, iOS kuwa ba ta yarda galibin manhajojin App Store su yi haka ba, don tsaro. Dole yaren ya sauya hali. Masu C# sun fito da MonoTouch a 2009, wanda ke haɗa komai tun a kwamfuta kafin a tura. Flutter na amfani da JIT lokacin da mai shirye-shirye ke gwaji, amma abin da za a saki ga jama'a a haɗe yake tsaf. LuaJIT, wanda saurinsa ne abin alfaharinsa, a iPhone sai ya kashe JIT ɗin ya koma karanta shirin a hankali.

An ma taɓa yin lokacin da abin ya wuce haka. A Afrilun 2010 Apple ta sa sharaɗi cewa manhajar iPhone sai da C, C++, Objective-C ko JavaScript za a rubuta ta tun asali, abin da ya rufe ƙofa ga sauran kompailoli. Ta janye a Satumbar shekarar.

Agogon hannu fa, ba ƙaramar waya ba ce kawai?

A ɓangaren Google kusan haka ne. Wear OS, tsarin agogon Google, Android ce, kayan aikin NDK na haɗa shirin C da makamantansa ɗaya ne, sai dai agogunan sun daɗe suna gudanar da manhajoji masu bit 32 ko da furosesarsu ta iya 64. Yaren da ya yi watsi da tsohon ARM ya rasa su ke nan.

Na Apple ne ke da labari. Apple Watch ya fito a Afrilun 2015 da RAM megabait 512, kuma sai da watchOS 2 ya zo a Satumbar shekarar aka bar manhajoji su gudana a kan agogon kansa. Tsarin furosesarsa armv7k ne, mai bit 32, da nasa ƙa'idojin dabam da na iPhone. A 2018, da Series 4, aka koma wani abu mai suna arm64_32: umarnin na bit 64 ne, amma adireshin ma'adana bit 32. Hikimar ita ce agogo ba shi da ma'adanar da za ta bukaci dogon adireshi, gajeren kuma yana rage cin wuri. Amma kompailoli da laburare da yawa an gina su a kan zaton cewa in furosesa ta bit 64 ce to adireshi ma haka yake. Sai an bi an tono duk inda aka yi wannan zaton.

Ta yaya tsofaffin manhajoji suka yi aiki a sabon agogon ranar da ya fito? Tun 2015 Apple ta wajabta wa masu manhajar agogo su turo ta a sigar bitcode, wato shirin da LLVM ya tauna rabi bai kai ga umarnin furosesa ba. Da shi Apple ta sake haɗa su a nata ɓangaren. Dabara ce mai kyau ga Apple, amma ta wahalar da sauran yaruka: sai bitcode ɗinka ya dace da irin LLVM ɗin da Apple ke amfani da shi, yaren da ba ya kan LLVM kuwa, irin Go, ba shi da abin da zai miƙa. An daina karɓar bitcode da zuwan Xcode 14, kayan haɗa manhaja na Apple, a 2022.

Ban da haka, watchOS ta haramta wasu ayyukan da laburaren yaruka suka ɗauka kamar ruwan sha, irin su fork da exec, waɗanda shiri ke tayar da wani shirin da su. Sai an yanke waɗannan sassan. Kotlin/Native ta samu shiga agogon a ƙarshen 2019.

Ba ni da kwamfuta. Zan iya haɗa shiri a wayata?

Idan Android ce, ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shafar ɗalibai da yawa a wajenmu, waɗanda waya ce kwamfutarsu ta farko. Manhajar Termux tana ba ka Clang, Rust, Go da Python a cikin wayar. Ka rubuta pkg install clang, in ya gama saukowa kana da kompailar C ta gaske a aljihunka. Kafin nan buga uname -m ka gani. In ta ce aarch64, kana kan bit 64. In ta ce armv7l ko armv8l, tsarin wayar na bit 32 ne, kamar yadda ake samu a ƙananan wayoyi masu Android Go (Android mara nauyi, ba yaren Go ba), kuma wasu kayan ba za su samu ba.

Akwai cikas. Daga Android 10, manhajar da aka gina wa sabon tsarin ba ta da izinin gudanar da fayil ɗin da ta ajiye a ɗakinta, alhali aikin kompaila ke nan: ta rubuta fayil, ka gudanar. Wannan ne ya sa aka daɗe ana shawartar mutane su ɗauko Termux daga F-Droid, wata kasuwar manhajoji da ba ta tilasta a gina wa sabon tsarin kamar Play Store. Android 12 kuma ta zo da tsarin kashe ƙananan ayyukan bayan fage in sun wuce 32, saboda haka babban haɗi na iya yankewa a tsakiya. Ƙananan darussa da ayyukan makaranta dai za su tafi lafiya. Babban aikin Rust kuwa zai gasa wayar ya shanye batir, ga wanda ke biyan kuɗin caji a shago wannan abin lissafi ne.

A ɓangaren Apple hanyar da aka buɗe ita ce Swift Playgrounds a iPad, wanda tun 2021 ake iya gina manhaja da shi har a tura ta App Store.

Da zarar ya yi aiki, an gama ke nan?

Ina! Ƙasan da aka yi ginin a kanta motsi take. Android 5.0 ta 2014 ta daina karɓar shirin da ba zai iya zama a kowane adireshi na ma'adana ba. iOS 11 ta kori manhajojin bit 32 a 2017. Play Store ya wajabta bit 64 daga Agustan 2019. Daga Nuwambar 2025 kuma Google ta ce sababbin manhajoji su iya aiki da shafin ma'adana, wato gutsuren da tsarin ke raba ma'adana da shi, mai kilobait 16, bayan shekara da shekaru kowa ya saba da 4, har wasu sun rubuta lambar 4096, wato kilobait 4 a lissafin bait, a cikin shirinsu kamar ba za ta taɓa canzawa ba.

Shi ya sa manyan yaruka ke raba na'urori mataki-mataki. A Rust, mataki na ɗaya an yi alkawarin yana aiki domin ana gwada shi a kowane canji, na biyu an yi alkawarin yana haɗuwa, na uku kuwa ba alkawarin komai. Android da iOS suna na biyu, agogon Apple ya daɗe a na uku. Python ma, duk girmansa, sai a siga ta 3.13 a Oktoban 2024 ya karɓi iOS da Android a hukumance, su ma a mataki na uku, bayan shekaru masu aikin BeeWare, na kai Python kan waya, da wasunsu suna riƙe da gyare-gyaren a gefe. Abin da ke ɗaga na'ura daga wannan matakin zuwa na sama shi ne a samu injinan da za su riƙa gwada kowane canji dare da rana, da mutanen da suka sa sunansu cewa in ya lalace su za a kira.