Wutar sharar gona da hayaƙin murhu: abin da suke cinye mana

Da bazara ta kama, daga Dukku har Kaltungo, hayaƙi ne ke turnuƙe gonaki, ana cinna wa kara da ciyawa wuta da sunan sharar gona. 'Yan'uwa manoma, abincin ƙasarku kuke ƙonawa. Kusan duk sinadarin naitirojin da ke jikin karan, wato abin da kuke biya da tsada a buhun yuriya, yana bin hayaƙi ne. Tokar da ta rage iska ta kwashe, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan farko ya wanke ta.

Hayaƙin nan yana ƙara wa iskar kabon da ta taru a sama. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan, yanzu ta haura 420, ita ce ke riƙe zafi kamar bargo. Gaskiya manyan ƙasashe ne suka fi zuba ta, amma mu ne muke ji a jika. Masara idan tana fitar da bunu zafi ya wuce digiri 35, garin bunun da ke sa ƙwaya ta kama yakan mutu, shi ya sa za ka ɓare goyo ka tarar da giɓi, ƙwaya nan da can.

Wasu sukan ce saboda tsutsar kara suke ƙonawa. Hujja ce, amma akwai mafita: a sare karan a shimfiɗa shi kwance a rana, zafin ƙasa zai kashe yawancinta. Wanda dabbobi suka rage a yi taki da shi. A haƙa rami mai tsawon mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1. A zuba sassararren kara kamar kamu ɗaya, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita har ya cika. A juya duk bayan mako 3. A soka sanda a tsakiya: in ta fito da ɗumi, aiki na tafiya. In rami na wari, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen kara. In sandar ta fito a bushe da sanyi, ƙishirwa yake ji. Cikin wata 3 zai nuna, ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasa. Yuriya kuma a binne ta zurfin santimita 5 a ƙasa mai laima, don wadda aka watsa a sama iska ke sha.

Abin da ya fi tayar mana da hankali yana cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na kashe mutum kusan miliyan 3 duk shekara, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya da shanyewar jiki. Dubi baƙin da ke jikin rufin madafa. Irinsa uwa ke shaƙa kullum, da jaririn da ke goye a bayanta. A yi girki a fili ko a buɗe wa madafa taga biyu masu fuskantar juna, a bar itace ya bushe sosai, a daina hura wuta da leda. Gawayi da janareta kuwa kada su kwana a rufaffen ɗaki ko lokacin hunturu ne, gubarsu ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.