Injin fotokofi da tafiyar haske a cikinsa

Injin fotokofi na'ura ce da ke kwafo rubutu ko zane daga wata takarda zuwa wata ta hanyar haske da cajin lantarki. Dabarar da yawancin injinan ke aiki da ita sunanta zirografi, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "busasshe" da "rubutu", domin da garin tawada ake aikin, wanda masu gyara ke kira tona. Firintar leza ma a kan wannan dabara aka gina ta.

Asali

Chester Carlson, Ba'amurke ɗan talakawa da aka haifa a Seattle a 1906, shi ya ƙirƙiro dabarar. Ya karanta kimiyyar fizik, daga baya ya kama aiki a sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na kamfanin P. R. Mallory a New York. Aiki ne mai cin kwafin takardu, kuma a wancan zamani sai dai a sa kabon a tafireta ko a kai a ɗauki hoton takardar da tsada. Wannan wahala ce ta tura shi ɗakin karatu, inda ya ci karo da rubuce-rubucen Pál Selényi, wani masani ɗan Hungary. Abin da ya riƙe hankalinsa shi ne akwai sinadaran da ke riƙe caji a cikin duhu, su sake shi da zarar haske ya taɓa su.

Ranar 22 ga Oktoba 1938, a wani ɗaki da ya kama haya a unguwar Astoria da ke New York, shi da mataimakinsa Otto Kornei suka shafa farar wuta a kan farantin tutiya. Suka goge shi da hankici a cikin duhu har ya ɗauki caji, suka ɗora masa gilashin da aka rubuta kwanan watan da sunan unguwar, suka haska fitila na 'yan daƙiƙu. Da suka barbaɗa wani gari mai laushi suka hure, sai garin ya manne a inda rubutun ya tare haske kawai. Suka danna takarda mai kaki a kai, rubutun ya koma kanta.

Ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1942, amma kamfanoni fiye da 20 suka juya masa baya, har da IBM. A 1944 cibiyar bincike ta Battelle da ke jihar Ohio ta karɓi aikin, sannan wajen 1947 Haloid, wani ƙaramin kamfanin takardar hoto a Rochester, ya samu lasisi. A wannan tsakani aka maye gurbin farar wuta da sinadarin sileniyom, wanda ya fi ta jin haske nesa ba kusa ba. Injin farko na 1949 da hannu ake bin kowane mataki nasa. Wanda ya buɗe kasuwa shi ne Xerox 914, da aka nuna a Satumba 1959, mai kwafi a kan takarda ta yau da kullum har girman inci 9 da 14. Nauyinsa ya kusa kilo 300, kuma yakan yi zafi har takarda ta kama, shi ya sa ake haɗa shi da ƙaramin abin kashe gobara. Hayarsa ake bayarwa a kan dala 95 a wata da kwafi 2,000, abin da ya ƙaru a biya daban. A 1961 kamfanin Haloid ya koma amsa sunan Xerox. Carlson ya rasu a 1968, bayan ya rabar da mafi yawan dukiyar da ya samu.

Matakan aiki

Zuciyar injin wata ganga ce mai juyawa, dirom a bakin masu gyara. Ana caja fuskarta da ɗaruruwan bolt, haske ya zana hoton a kanta, tona ta manne, takarda ta ɗauke tonar, sai wasu rola masu zafin da ya kusa digiri 200 su narkar da ita ta kama takarda. Shi ne ɗumin da ake ji a kwafin da ya fito yanzu.

Fitila, madubai da gilashi

A tsofaffin injina hasken da ya daki takardar shi kansa ke tafiya har kan ganga. Fitila na bin ƙarƙashin gilashi daga wannan gefe zuwa wancan. Farin wuri na mayar da haske, baƙin rubutu na shanye shi, madubai kuma su karkatar da abin da ya dawo ta cikin gilashin tattara haske. Matsalar ita ce tsawon hanyar hasken dole ya tsaya yadda yake, in ba haka ba hoton ya dusashe. Maganin da aka samo yana da ban sha'awa: madubin farko na tafiya tare da fitila, wasu madubai biyu kuma na bin sa da rabin gudunsa. Da yake hasken na zuwa wurinsu ya dawo, rabin tafiyarsu na cike cikakkiyar tafiyar na farkon. Ƙara girma ko ragewa kuwa da matsar da gilashin ake yi tare da sauya gudun fitila. Daga A4 zuwa A3 kashi 141 ne cikin ɗari, komawa kuma kashi 71.

Injinan yanzu sun raba aikin gida biyu: sikana a sama, firinta a ƙasa. Hasken na faɗawa kan jerin ƙananan idanu na lantarki da ake kira CCD, ƙirƙirar Willard Boyle da George Smith a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1969, wadda ta kai su ga kyautar Nobel a 2009. Don karanta faɗin A4 da ɗigo 600 a kowane inci ana buƙatar idanu kusan 5,000 a layi guda. Akwai kuma nau'in CIS, inda idanun ke dab da gilashin ba madubai. Ya fi araha da siranta, amma ba ya gani da nisa, shi ya sa tsakiyar littafi mai kauri ke fitowa dishi-dishi.

Rubutu da leza

Gary Starkweather na Xerox ne ya kawo shawarar, wajen 1969, cewa a bar takardar asali, leza, wato siririn tsinin haske, ta rubuta a kan ganga kai tsaye daga kwamfuta. Ya haɗa injin gwaji a PARC, cibiyar bincike ta Xerox, a 1971. Tsinin hasken na dukan wani madubi mai fuskoki da yawa da ke juyawa sau dubbai a minti, kowace fuska ta share layi ɗaya a kan ganga, lezar kuma tana kunnuwa tana mutuwa ɗigo bayan ɗigo. Wani gilashi na musamman na daidaita gudun tsinin don kada ɗigon gefe ya fi na tsakiya faɗi. A yawancin waɗannan firintoci tona na mannewa ne a inda hasken ya taɓa, akasin tsohon injin kwafi.

IBM 3800 ta shiga kasuwa a 1976, Xerox 9700 a 1977, kuma kowane kamfani na da masu ba shi matsayin farko. HP LaserJet ta 1984, mai injin Canon, ita ta kawo lezar kan teburin ofis. Wasu kamfanoni, irin su Oki, na amfani da jerin fitilun LED maimakon madubi mai juyawa.

Matsaloli da muhawara

Ƙura a kan madubi ko gilashi ita ke jawo baƙin layi ko hazo a kwafi, abin da masu shagunan fotokofi ke fama da shi lokacin hunturu.

A 2005 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da kwamfuta da intanet, ta fassara ƙananan ɗigogi ruwan ɗorawa da wasu firintoci masu kala ke bugawa a ɓoye, ɗauke da lambar inji da kwanan wata. Masu goyon baya na cewa maganin jabun kuɗi ne, masu suka na ganin leƙen asiri. A 2013 kuma David Kriesel, wani masanin kwamfuta a Jamus, ya gano wasu injinan Xerox na musanya lambobi, 6 ta koma 8, a takardun da aka sikana, saboda yadda suke matse hoto. Kamfanin ya fitar da gyaran manhaja a shekarar.