Koyon Basun: Amsoshin Tambayoyin da Ɗalibai Ba Su Gajiya da Yi

Kusan duk ɗalibin da ya zo koyon basun, tambayoyinsa su ne na wanda ya riga shi zuwa, saboda haka na tattara amsoshin wuri ɗaya domin ku huta, ni ma in huta.

Malam, mene ne basun?

Abin busa ne na katako mai kaurin murya, wanda ake samu a ƙungiyoyin makaɗa irin na Turai da na sojoji. Tsayinsa kimanin mita 1.3 ne, amma ramin cikinsa a ninke yake, da za a miƙe shi zai kai mita 2.5. Gaɓoɓi 4 ake harhaɗawa, a saka wani siririn bututun ƙarfe mai lanƙwasa da ake kira bokal, sannan a cusa harshen busa a bakin bokal ɗin.

Harshen nasa irin na algaita ne?

Dangin juna ne, domin kowannensu tsage biyu ne da ke karkarwa idan iska ta ratsa tsakaninsu. Sai dai mai algaita yakan shigar da harshen gaba ɗaya cikin baki ya kumbura kumatu, mai basun kuwa leɓɓansa ne ke riƙe da harshen suna daidaita sauti. Wanda ya kumbura mini kumatu a aji, zan tsayar da shi.

Yarona shekararsa 9, ya isa farawa?

A auna hannunsa, a bar maganar shekaru. Idan yatsunsa na hagu suna rufe ramuka 3 na gaba ba tare da ya murɗe wuyan hannu ba, ya isa. Idan ba su kai ba, akwai basun da aka matso da maɓallansa domin masu ƙananan hannu, akwai kuma ƙaraminsa da ake kira tenarun. Nauyin babban ya haura kilo 3, don haka yaro ya zauna a kan maɗaurin kujera wanda ke ɗauke masa nauyin, kada a rataya masa shi a wuya.

Me ya sa busata take fita kamar kukan agwagwa?

Ka jiƙa harshen kuwa? Mafi yawanku ba ku jiƙawa, ko kuma ku tsotse shi da yawu sau ɗaya ku ce an gama. A tsoma shi cikin ruwa mai tsabta na minti 2, a busa shi shi kaɗai a ji ya yi ƙara mai kauri, sannan a saka shi a bokal. Da wani kara mai suna Arundo donax ake yin sa, wanda ya fi shahara shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, kuma tunda tsiro ne, babu harshe biyu da suke daidai da juna. Ka riƙa ajiye aƙalla 3 kana sauya su, a cikin akwati mai shan iska domin kada su yi fumfuna. Kada ka ɗauki wuƙa ka ce za ka fere harshe a shekararka ta farko.

Na ga basun na hannu da araha, in saya?

Amsar ta danganta da abubuwa da yawa, kuma ba zan iya yanke hukunci a kan kayan da ban riƙe a hannuna ba. Abu na farko shi ne a tabbatar da tsarinsa, domin iri biyu ne. Akwai tsarin Jamus, wanda ake dangantawa da gidan Heckel da Johann Adam Heckel da Carl Almenräder suka kafa a Biebrich a 1831, akwai kuma tsarin Faransa na gidan Buffet. Jeren yatsunsu ya bambanta, kuma kusan duk malamin da za ka samu da littafin da za ka buɗe, na tsarin Jamus ne. Tsohon basun na Faransa yana iya zama kaya mai kyau ƙwarai, amma ba na mai farawa ba ne, sai fa idan malaminka shi yake busawa.

Na biyu, a duba gaɓar gindi, wato wadda ramin ke juyawa a cikinta ya koma sama. A zare murfin ƙarfen, a kwance lanƙwasar da ke ƙasa, a haska fitila. Nan ne danshin numfashi yake taruwa, kuma idan mai shi na farko ba ya gogewa, za ka ga katakon ya yi baƙi, wani lokaci har farce yana shiga. Wannan ruɓewa ce, kuma gyaranta yana iya cinye abin da ka ɗauka ka rage, araha ba ta ado. Maɓallai masu yoyon iska sun fi sauƙin gyara, idan dai akwai mai gyaran kusa da kai, kuma wannan “idan” ɗin babba ne, domin masu gyaran basun ba su da yawa ko a ƙasashen da aka saba da shi. A duba bokal ma, cewa bai loɓa ba, bai tsage ba.

Sai maganar katako ko roba. Galibi da katakon mapul ake yin basun, kuma muryarsa ta fi daɗi a kunnen mafi yawan mabusa, ban musa ba. Amma kamfanin Fox na jihar Indiyana a Amurka, wanda Hugo Fox, tsohon babban mai basun na ƙungiyar makaɗan Shikago ya kafa, yana yin na ɗalibai da roba mai ƙarfi, kuma ga wanda ke zaune inda hunturu ke busar da komai sannan damina ta jiƙe shi, na fi karkata ga wannan. Katako yana motsewa a rani har mahaɗa su yi sako-sako, ya kumbura da damina har su ƙi fita. Duk da haka, idan na katakon lafiyayye ne, kuma wanda ya ƙware ya busa shi tun daga sautin ƙasa har na sama ya yarda da shi, ba zan hana ba. Abin da na hana shi ne biyan kuɗi a kan hoton intanet. In kuwa makaranta ko ƙungiya za ta ba ka aro, ka karɓa ka yi shekara da shi tukuna.

Wane littafi zan bi?

Na Julius Weissenborn, wanda ya fito a 1887. Ka fara daga shafin farko.

Yaushe zan busa waƙar basun ta Mozart?

Ba bana ba. Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, ya rubuta ta a 1774 yana da shekara 18, kuma har yau da ita ake gwada ƙwararru masu neman aiki.

Babban yatsana na hagu yana rikicewa, ko ban dace da basun ba ne?

Ka kwantar da hankalinka, kowa ya bi ta nan. Wannan yatsa shi kaɗai yana kula da maɓallai 9 ko fiye, na dama kuma yana da 4, alhali a yawancin kayan busa babban yatsan dama tallafe kayan kawai yake yi. Ka yi atisaye a hankali a gaban madubi, minti 20 kullum, ya fi maka awa 3 a ranar Asabar kaɗai. Rufe rabin rami da manuniya ma zai ba ka wuya da farko, mirgina yatsan ake yi, ba ɗaga shi ba.

Dole ne in goge shi duk lokacin da na gama?

Dole ne. Ka zubar da ruwan gaɓar gindi ta ƙaramin cikin ramuka biyu da ke samanta, ka ja tsumma ta cikinta da cikin gaɓar da bokal ke shiga, ka hure bokal ta faffaɗan bakinsa. Idan za ka tashi da basun a hannu, ka cire bokal tukuna, kuma ka kama shi ta wurin lanƙwasar kusa da toshiyar da ke faffaɗan bakinsa, domin wanda ya ja shi ta siririn bakin zai lanƙwasa shi, sabon bokal kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.