Koya wa ƙananan yara ware abubuwa kashi-kashi

Ware abubuwa kashi-kashi shi ne yaro ya dubi kaya a cakuɗe ya raba su bisa wata kama da suka haɗu a kai, ko launi ko girma ko siffa ko amfanin da ake yi da su. A makarantun nazare yana cikin darussan farko na lissafi, don kafin yaro ya ce awaki uku ai sai ya san wacce ce akuya wacce ce tunkiya tukuna.

Wanda ya fi shahara da binciken wannan abu shi ne Jean Piaget (1896 zuwa 1980), masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan. A 1959 shi da abokiyar aikinsa Bärbel Inhelder suka fitar da littafi a kai, inda suka nuna abin hawa-hawa yake zuwa. Ɗan shekara 2 zuwa 5 in ka zube masa da'ira da murabba'i da alwatika ka ce haɗa masu kama da juna, zai fara jera da'irori tiryan-tiryan, can a tsakiya ya ci karo da wata ja sai ya manta da siffa ya koma bin ja, ko kuma ya ɗora alwatika kan murabba'i ya ce maka ga ɗaki ya gina. Daga wajen shekara 5 zuwa 7 yake iya riƙe ƙa'ida ɗaya har ya gama. Amma da sauran rina a kaba, don Piaget ya kan ba yaro duwatsun wuya na katako, yawancinsu ruwan ƙasa, 'yan kaɗan farare, ya tambaye shi masu ruwan ƙasa ne suka fi yawa ko na katako, sai yaron ya ce masu ruwan ƙasa. Wato bai gane ƙaramin rukuni yana zaune cikin babba ba, sai wajen shekara 7 ko 8 wannan ke zama masa. Masu bincike na baya dai sun nuna yadda aka tsara tambayar ma yana rikita yara, kuma gaskiya ko babba aka jefa wa ita ba shiri sai ya ɗan tsaya.

Inda abin ya fi wuya shi ne canja ƙa'ida. Akwai gwajin kati da aka fi saninsa da Philip Zelazo, wani masanin tunanin yara, katunan zomo da kwale-kwale masu launin ja ko shuɗi, a ce yaro ya raba su bisa launi, in ya saba sai a ce to yanzu bisa siffa. Yawancin 'yan shekara 3 sai su ci gaba da bin launi, abin mamaki ma in ka tambaye su sabuwar ƙa'idar za su faɗa maka daidai da baki amma hannu na can kan tsohuwar. Zuwa shekara 5 galibi sun wuce nan.

Kayan koyarwa kam akwai su. Maria Montessori, masaniyar tarbiyyar yara 'yar Italiya da ta buɗe makarantar yaranta ta farko a Rum a 1907, ta yi amfani da katakai masu girma daban-daban da allunan launi, Zoltan Dienes kuma, masanin lissafi, aka san shi da saitin 'yan tubala guda 48, siffa 4, launi 3, girma 2, kauri 2, babu biyu iri ɗaya. Sai dai ba dole sai an saya ba. Yarinyar da ke gefen faifai tana taya uwarta tsintar shinkafa, tsakuwa nan ƙwaya nan, darasin kenan take yi, haka mai tumatir da ke kasa manya daban ƙanana daban ya ture masu tabo gefe. Murafun lemo, cokula da ludaya, takalman da aka zube a ƙofar ɗaki duk sun isa.

Yadda malamai suka fi bi shi ne a fara da kashi biyu masu bambanci ƙarara kuma ƙa'ida ɗaya tak, daga baya a ƙara na uku, sannan a cakuɗe kayan a nemi wata hanyar rabon. Kuskuren da manya ke yawan yi shi ne saurin gyara, yaro ya haɗa cokali da kofi a ce a'a ba haka ba ne, alhali da an tambaye shi me ya sa ƙila ya ce ai da su ake shan koko, wanda shi ma rukuni ne mai kyau. Su kuma 'yan ƙasa da shekara 3 ba a ba su wake ko gyaɗa ko maɓalli, suna kaiwa baki su shaƙe ko su cusa a hanci, gara a ba su manyan abubuwa irin kofuna da lemon zaƙi.