Mai laifi ya tsallaka boda, ya ake yi 'yan sandan can su gane shi?

Wai Interpol ɗin nan su ne ke zuwa su kama mutum a duk ƙasar da ya gudu?

A'a fa, da yawa haka suke zato amma Interpol ba ta kama kowa, ba ta da sel ba ta da kotu. Ƙungiya ce da aka kafa tun 1923, hedkwatarta na birnin Lyon a Faransa, ƙasashe 196 ne a ciki, kuma aikinta shi ne haɗa 'yan sandan ƙasashe su riƙa miƙa wa juna bayanai. Kowace ƙasa na da ofishinta na wannan hulɗa, na Najeriya yana Abuja kuma 'yan sandanmu ne a ciki. In an zo kamu, 'yan sandan ƙasar da mutum yake ne za su kama shi.

Toh wane irin bayani suke ba juna?

Sunaye da hotunan waɗanda ake nema, zanen yatsu, lambar fasfo ɗin da aka sace ko ya ɓata, lambar jikin motocin sata. Suna da layinsu na sirri da ake kira I-24/7, dare da rana a buɗe yake. Sai sanarwa masu launi, ja na wanda kotu ke nema, rawaya na wanda ya ɓata musamman yara. Amma jar sanarwa ba sammacin kamu ba ce, roƙo ne kawai, kowace ƙasa dokarta ce za ta ce a tsare mutum ko a ƙyale shi.

Abin yana aiki kuwa ko dai a takarda ya tsaya?

Yana yi in an so ya yi. Ku tuna Abdulrasheed Maina da ake shari'arsa kan kuɗin fansho, ya tsallake beli ya gudu, ƙarshen Nuwamba 2020 aka kama shi a Yamai da haɗin kan jami'an Nijar da ofishin Interpol na Abuja, cikin 'yan kwanaki aka dawo da shi, a 2021 kotu ta ɗaure shi shekara 8.

In bayanin yana nan, me ke sa masu laifi su suɓuce?

Nan ne abin ke min ciwo wallahi, don sau da yawa bayanin yana hannun wani ne bai kai ga wanda ke buƙatarsa ba. Ko Amurka da duk kayan aikinta ta ɗanɗana, a Nuwamba 2009 mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancinsu a Abuja ya ce yana tsoron hanyar da ɗansa ya ɗauka, an rubuta an ajiye, amma ba a haɗa shi da sauran bayanan da wasu hukumominsu ke riƙe da su ba, bizar Umar Faruk na nan ba a soke ba, ranar 25 ga Disamba ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa, Allah ne kawai ya kiyaye.

Mu kuma namu ya fi haka nisa, ka kai ƙarar an sace maka mota a Kano a rubuta a littafin kanta da biro, kafin labarin ya fita daga wannan caji ofis ɗin motar ta bi ta Jibiya ko Maigatari ta shige, wanda ke tsaye a boda bai da inda zai duba. Ga kuma kishi tsakanin hukumomi, ɗan sanda da DSS da kwastam da jami'an shige da fice da sibil difens kowa na son a ce shi ya yi kamun, sai ya rungume abin da ya sani. Shirin WAPIS da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi tun 2012 don wannan aka yi shi, a mayar da bayanan 'yan sandan Afirka ta Yamma cikin kwamfuta, amma kwamfuta abin da aka zuba mata kawai take bayarwa, in DPO bai tura ba babu shi.

Ba za a yi amfani da wannan a farauci 'yan adawa ba?

Tsoro ne mai tushe, akwai gwamnatocin da aka sha zargi da haka. Sashe na 3 na kundin Interpol ya hana ta shiga batun siyasa, soja, addini ko ƙabila, kuma akwai kwamiti mai zaman kansa da wanda aka saka sunansa bisa zalunci zai iya rubuta wa ya nemi a goge. Sai dai abin na ɗaukar lokaci, kafin nan mutum ya sha tsarewa a filin jirgi.

Ni talaka ina ruwana a ciki?

Daga wajenka bayanin ke farawa ai. Ka rubuta lambar jikin motarka ko babur da ta inji ka ajiye a gida ba a cikin motar ba. In fasfo ya ɓata ka sanar da wuri, in kuma ka gan shi daga baya kar ka yi tafiya da shi don mai yiwuwa lambarsa ta riga ta shiga jerin na sata, ka je a yi maka sabo. In ka kai rahoto ka nemi takardar shaidar cewa an rubuta, ka kuma tambaya ko an sanar da sauran jihohi da bakin boda.